Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Horar da Malaman Turanci a Jami'o'i

Zuwa ga shugabannin sassan Turanci da na tsangayoyin ilimi, da dukan malaman jami'a masu horar da waɗanda za su koyar da Turanci ga yaran da ba da shi suka buɗe baki ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki.

Ni malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma a hannun irinku na yi karatu, don haka ko na yi furfura a bakin allo, har gobe ɗalibinku ne ni. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku shi ne, duk shekara idan kun turo ɗalibanku gwajin koyarwa, ni ake danƙa wa na ɓangaren Turanci. Nakan zauna a bencin baya in ga abin da suka taho da shi daga wurinku, in ga kuma abin da suka baro. Ku a ɗakin lakca kuke ganinsu, sai kuma a takardar jarrabawa. Ni ina ganinsu a daidai lokacin da yara saba'in ko tamanin suka zuba musu ido suna jiran a fara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba.

Bara aka turo mana wata ɗaliba, mai natsuwa, mai ƙwazo. Darasinta na farko a kan yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce ne. Ta cika allo da rubutu mai kyau, layi a miƙe kamar da rula aka ja. Ta kawo ma'ana, ta kawo rabe-rabe, ta jero dokoki da togaciyar kowace. Yara suka kwafa. Ta karanta suka amsa da murya ɗaya har ajin da ke maƙwabtaka da mu yana ji. Ta ce sun gane? Suka ce sun gane. Da ya rage minti biyar sai na roƙe ta ta tambayi yaro ɗaya, da Turanci, abin da ya yi jiya bayan an tashi daga makaranta. Yaron ya miƙe, ya dubi allo, ya dubi silin, ya shiga murza gefen rigarsa. Amsar da ake nema ba ta wuce kalma huɗu ba, amma ta ƙi fitowa. Ta koma kan na kusa da shi, shi ma haka. Na ukun ya yi ta maza ya buɗe baki, sai ya karanto mata ma'anar da ke rubuce a allo, baƙi da wasali, bai bar ko waƙafi ba.

Da aka kaɗa ƙararrawa muka fito, idonta ya ciko. Ta ce, "Malam, wallahi duk abin da ke cikin littafin na faɗa musu." Gaskiyarta. Daga baya na fahimci tana cikin na gaba-gaba a ajinsu na jami'a. Ta iya feɗe jimla ta zana mata rassa kamar bishiya. Ta iya rubuta kalma da alamomin furuci. Ta karanta wasannin kwaikwayo da waƙoƙin da ni ban taɓa buɗewa ba. Abin da ba a taɓa nuna mata ba shi ne yadda ake sa yaron da ke tunani da wani harshe ya faɗi jimla ɗaya ta kansa da Turanci yau, gobe ya faɗi biyu. An cika mata kai da labarin Turanci, aka sallame ta ta je ta koyar da Turancin.

Wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Dan Lortie, ya yi lissafi a 1975 cewa kafin yaro ya gama sakandare ya shafe kimanin awa 13,000 yana zaune yana kallon malamai suna aiki. Wannan dogon kallo shi ne horonsa na farko, kuma ya fi kowane kwas kama jiki. Idan jami'a ba ta ba shi wani salo da ya gani da idonsa ya kuma gwada da kansa ba, ranar da ya daburce a gaban aji tsohon salon zai koma wa. Abin da yarinyar nan ta yi ke nan. Ta koyar yadda aka koyar da ita, yadda aka koyar da ni, kuma ina kyautata zaton yadda aka koyar da da yawa daga cikinku.

Na daɗe ina neman inda gizo ke saƙa, kuma ina jin a tsarin kwas ɗin kansa yake. Wanda zai zama malamin Turanci yawanci ɗan gida biyu ne. Sashen Turanci ya ba shi nahawu da ilimin furuci da adabi, ya ɗauka maganar koyarwa ta tsangayar ilimi ce. Tsangayar ilimi ta ba shi tarihin ilimi da falsafarsa da halayyar yara, da dabarun koyarwa na gama-gari waɗanda ake karanta wa mai lissafi da mai tarihi da mai Turanci a zaure ɗaya. Abin da ke tsakani, wato yadda ɗan Adam ke koyon harshe na biyu da abin da malami zai yi minti bayan minti don ya taimake shi, sai ya faɗo ƙasa, kowane gida yana zaton ɗayan ya ɗauka. Inda ma aka ware masa kwas ɗaya ko biyu, sau da yawa lakca ake yi wa ɗalibai ɗari biyu a kan muhimmancin daina yi wa yara lakca. Su rubuta, su haddace, su ci jarrabawa.

Alhali fannin ba sabon abu ba ne. Tun 1941 Jami'ar Mishigan ta Amurka ta buɗe cibiyar koyar da Turanci ga baƙi a ƙarƙashin Charles Fries, Jami'ar Edinbara kuma ta kafa makaranta sukutum a 1957 don amfani da ilimin harshe wajen koyarwa. An tara sani mai yawa daga wancan lokaci zuwa yau, kuma kun fi ni saninsa, wasunku ma a kansa suka yi digirin digirgir. Tambayata ita ce me ya sa ba ya isowa ajina a hannun ɗalibanku.

Ku ɗauki maganar kuskure, wadda ita ce rabin aikinmu. Yaro Bahaushe zai ce wa abokinsa "borrow me your pen", domin a harshensa kalmar aro guda ce, ko kai ke bayarwa ko kai ke karɓa: ara mini, na ara. Zai miƙe zai fita ya ce "I am coming", yana nufin ina zuwa, Bature ya tsaya yana mamakin mai tafiya da ke cewa yana tahowa. Kalmar "firamare" kaɗai ta isa darasi guda. Dubi yadda bakinmu ya mai da p ta koma f, ya kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyun da suka haɗu a farkon kalmar, saboda gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere. Kowace al'umma da irin nata. Balarabe tsakanin p da b yake tuntuɓe, Bajapane tsakanin r da l, mai jin Sifaniyanci kuma yakan ɗora wasali a gaban kalmar da ta fara da s da wani baƙi. Ba wanda ya yi haka don daƙiƙanci. Harshen farko ne ke riƙe da linzami.

Tun 1967 wani masanin harshe, Pit Corder, ya nuna cewa kurakuran mai koyon harshe suna da tsari, kuma su ne tagar da malami zai leƙa ya ga inda yaro ya kai. Wanda ya rubuta "goed" maimakon "went" ya ci gaba, domin ya gano dokar ƙara -ed da kansa, saura a nuna masa wuraren da ba ta aiki. Amma ɗalibanku da jan biro suke zuwa. Su ɗauki insha'in yaro mai layi goma su yi masa jina-jina, kuskure talatin duk da nauyi ɗaya, yaron ya karɓa ya naɗe ya cusa a jaka, ya kuma ƙudurta a ransa gobe layi uku zai rubuta don ja ya ragu. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya taɓa ajiye musu tarin rubutun yara na gaske a kan tebur ya ce su ware: wanne harshen gida ya jawo, wanne alamar ci gaba ne, wanne za a gyara yau, wanne za a kau da kai sai wata mai zuwa. Wannan aiki ba ya buƙatar na'ura ko sabon gini. Kwali ɗaya na tsofaffin littattafan insha'i daga kowace makaranta ya ishe ku zangon karatu guda, mu kuma a shirye muke mu ba ku.

Haka abin yake a furuci. Suna zuwa da sautuka 44 na Turancin Ingila a ka, wasula 20 da baƙaƙe 24, sun iya zana taswirar inda harshe ke taɓawa a baki. Ka tambaye su cikin 44 ɗin nan waɗanne biyar ko shida ne za su wahalar da yaran da ke gabansu, kuma wanne ya cancanci a kashe masa lokaci, sai a yi shiru. Jennifer Jenkins, a binciken da ta wallafa a 2000 kan yadda waɗanda Turanci ba harshensu ba ne ke fahimtar junansu, ta gano cewa sautin da ake rubutawa da th, wanda muke ɓata makonni muna sa yara su ciji harshe a kansa, ba kasafai yake hana fahimta ba. Rikita sauran baƙaƙe da gajarta dogon wasali su ne masu ɓarna. A nan ma Bahaushe yana da jari a hannu, domin ya san bambancin "dafa" ta girki da "dafa" ta kafaɗa tun yana ƙarami. Malamin da ya san haka, daga nan zai ɗora masa "ship" da "sheep", a wuce wurin cikin minti goma.

Wannan ya kawo ni kan harshen uwa, kuma a nan akwai laifin da zan amsa da bakina. A shekarun farko na aikina ina da doka: duk wanda ya yi magana da harshen gida a darasina sai ya durƙusa a gaban allo. Ajina ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ni kuma na ɗauka tarbiyya ce ta zauna. Wata rana na kashe kusan minti ashirin ina fama da kalmar "although". Na yi misali da hannu, na yi zane, na kawo jimla biyar, gumi na zuba, fuskoki na nan yadda suke. Can sai na ji wata yarinya ta raɗa wa ta kusa da ita, "ko da yake." Nan take na ga layin nan gaba ɗaya ya washe, maganar ta bi benci-benci har baya. Abin da na kasa a minti ashirin ta yi shi da kalma uku. Ni kuwa na kira ta na sa ta durƙusa. Shekaru sun shuɗe, amma duk ranar da na zo koyar da wannan kalma sai na tuna da ita.

Ba ni na ƙago dokar ba, gado na yi. A 1961 aka yi taron ƙasashen renon Ingila a kwalejin Makerere ta Yuganda kan koyar da Turanci a matsayin harshe na biyu. Robert Phillipson, a 1992, ya tsamo aƙidu biyar da ya ce sun samu gindin zama daga wannan taro, ya kuma kira su ruɗu. Biyu daga ciki har yau suna yawo a azuzuwa: cewa da Turanci zalla ya fi kyau a koyar da Turanci, da cewa malamin da ya fi kowa shi ne wanda aka haifa da harshen. Ga kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun malamin da aka horar musamman dominsa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun sha gabansu. Masu kawo wannan labari sukan tsaya a kan Yarbancin, su manta da malamin nan da aka horar musamman. Wannan ɓangaren naku ne.

Kada a fahimce ni a baibai. Na ga ɗaya gefen ma, kuma bai fi wannan kyau ba: malamin da zai yi minti talatin da biyar yana ba da labarin Turanci da harshen gida, yara su fita ba su ji cikakkun jimloli goma na Turanci ba. Harshen uwa a darasin Turanci kamar magani ne, da awo ake ba da shi. Yaushe za a fassara kalma a wuce, yaushe za a bar yaro ya yi kokawa da ita, yaushe za a bar yara su tattauna da harshensu kafin su kawo amsa da Turanci, duk wannan hukunci ne da malami ke yankewa a tsaye, cikin daƙiƙa. Ana koyonsa, amma sai a gaban yara, da wani gogagge a gefe.

Yanzu maganar da ake jin nauyin faɗa, ku gafarce ni. Wasu daga cikin waɗanda kuke yayewa Turancin bakinsu bai kai na koyarwa ba. Ɗalibi yana iya shekara huɗu a jami'a bai taɓa tsayawa ya yi magana ta minti biyar da Turanci a gaban mai ba shi maki ba, domin komai a rubuce ake auna shi, rubutun ma rabinsa hadda. Sai ya zo aji, yaro ya yi masa tambayar da ba ta cikin takardar shirin darasi, ka ga ya haɗe rai ya ce a yi shiru. Tsoro ne ya sa shi, tsoron kada asiri ya tonu. Malamin da ke tsoron harshen da yake koyarwa ba zai taɓa barin yara su yi magana ba, allo da kwafa su ne mafakarsa. Ba Turancin fadar Ingila nake nema musu ba. Masu magana da Turanci a duniya yau waɗanda ba a haife su da shi ba sun fi waɗanda aka haifa da shi yawa nesa ba kusa ba, kuma wanda ya koyi harshen da gumin goshinsa ya fi sanin ramukan da ke hanya. Turancin aji nake nufi: ya ba da umarni a gane, ya sauƙaƙa magana ba tare da ya karya ta ba, ya faɗi abu ɗaya ta hanya uku, ya ba da labari yara su bi shi. Tun 2001 ƙasashen Turai suna da ma'aunin da ya kasa ƙwarewar harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2, an fayyace abin da mai kowane mataki zai iya yi wajen saurare da magana da karatu da rubutu. Ko ku ɗauki wannan ko ku tsara naku, amma a auna ɗalibi da baki ranar da ya shigo, a taimake shi a tsakani, a sake auna shi kafin a miƙa masa satifiket.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowane malamin Turanci ya fito da shi a ka. Jim Cummins, daga nazarin 'ya'yan baƙin haure a Kanada, ya nuna yaro kan kama Turancin hira cikin kimanin shekara biyu, amma Turancin karatu, irin na littafin kimiyya da takardar jarrabawa, yana ɗaukar shekara 5 zuwa 7. A ƙasar da Turanci ke cika kunne safe da yamma ke nan. Paul Nation kuma ya ƙiyasta a 2006 cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, wanda ke nufin iyalan kalmomi, wato kowace kalma da rassanta, 8,000 zuwa 9,000 ga littafin manya. Malamin da ya san wannan zai daina yaudarar kansa da kalma goma da ake rubutawa a allo ranar Litinin a yi gwajinsu ranar Juma'a. Zai gane ba makawa sai yara sun yi ta karanta abu mai sauƙi, mai daɗi, da yawa, ya kuma koyi yadda ake zaɓo shi ko a rubuta shi idan babu.

Sannan a horar da su domin ajin da za su tarar. Michael West, wanda ya yi shekaru yana aikin ilimi a yankin Bengal na Indiyar wancan lokaci, shi ne kuma ya fitar da jerin kalmomin Turanci kimanin 2,000 mafi amfani a 1953, ya rubuta littafi a 1960 kan koyar da Turanci cikin mawuyacin hali. A wurinsa aji ya shiga mawuyacin hali idan yara sun haura talatin suna cunkushe a benci. Allah sarki. Malamai da yawa a duniya yau da za a ba su talatin da sun yi sadaka. Duk da haka dabarun da ɗalibanku ke karantawa yawancinsu an gina su ne a kan aji mai mutum goma sha biyar, kowa da littafinsa, ga na'urar sauti a kusurwa. Su zo su ga ba haka ba, sai su yanke hukuncin cewa duk abin da aka koya musu tatsuniya ce, su watsar da mai amfani da marar amfani gaba ɗaya. A nuna musu yadda ake sa yara tamanin su yi magana bibbiyu ba tare da aji ya zama kasuwa ba, yadda ake dakatar da su da alama ɗaya, yadda littafi ɗaya zai ishi benci, yadda ake duba rubutu tamanin ba a kwana a kai ba.

Duk waɗannan a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato gwajin koyarwa, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Ɗalibar da na ba ku labari, sau ɗaya mai duba ta ya zo daga jami'a. Ya iso darasi ya yi rabi, ya karɓi littafin shirin darasinta ya duba ko ta rubuta manufofi yadda aka tsara, ya tsaya a bakin ƙofa kamar minti goma, ya rubuta maki, ya ce ta ƙara ɗaga murya. Na raka shi mota, ya nuna mini jerin makarantun da zai zagaya kafin la'asar, sai tausayinsa ya kama ni. Amma makin nan da ya bayar, me ya auna?

Akwai abubuwan da ba a ganinsu sai an zauna daga farko har ƙarshe. Mary Budd Rowe ta auna a shekarun 1970 cewa malami yakan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan ya yi tambaya kafin ya amsa da kansa ko ya koma kan wani, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru. A darasin kimiyya ta yi aunin. Ina ga yaron da sai ya gane tambayar, ya nemo amsa da harshensa, ya juya ta Turanci, sannan ya tattaro ƙarfin halin faɗa? Ba malamin da ya san yana yin wannan gaggawa sai an nuna masa. Takardar shaidar koyar da Turanci ta Kambirij mai suna CELTA, wadda ake gamawa cikin mako huɗu ko biyar, ba a ba mutum ita sai ya koyar da ɗalibai na gaske awa 6 mai horarwa na zaune yana kallo, bayan kowane darasi kuma a zauna a feɗe shi. Ban ce kwas ɗin wata ɗaya ya kai digiri ba, bai kai ba. Amma ku lissafa da gaskiya, cikin shekara huɗu awa nawa wani masani ya zauna ya kalli ɗalibinku yana koyarwa, ya kuma zauna da shi bayan nan? A Finlan jami'o'in da ke horar da malamai suna da makarantunsu na kansu, inda ɗalibi ke shiga aji tun da wuri a ƙarƙashin malaman da aikinsu ke nan.

Na san ba komai ke hannunku ba. Na san yawan ɗaliban da ke kan kowane lakcara, na san manhaja akwai hukumomin da ke gindaya mata sharuɗɗa, na san ƙarin girma a jami'a da maƙalu ake samunsa, ba a lissafa awannin da mutum ya kashe a bencin bayan wani aji. Amma akwai abin da ba sai an jira kowa ba. Kusan kowane ɗalibi yana da waya mai kyamara. Ya ɗauki darasinsa da izinin makaranta, su zauna su biyar su kalla, su ƙirga minti nawa ya yi magana, minti nawa yara suka yi. Na gwada wannan da 'yan koyon aiki, kuma ban taɓa ganin wanda bai riƙe baki ba da ya ga lissafinsa. A fara tura su makarantu tun shekarar farko, ko da kallo kawai za su yi. Mu da muke tare da su kullum a ba mu horo kaɗan, a kuma saurari abin da muka gani kafin a yanke maki. Sashen Turanci da tsangayar ilimi su zauna a tebur ɗaya su fitar da wanda zai ɗauki nauyin abin da ke faɗuwa a tsakaninsu. Kundin kammala digiri ma, maimakon a yi ta maimaita taken da aka gaji da shi, a bar ɗalibi ya ɗauki matsala ɗaya ta aji ɗaya, ya gwada magani, ya rubuta abin da ya faru ko da bai yi nasara ba.

Roƙona na ƙarshe ya fi sauran nauyi a baki, ranku ya daɗe. Duk wanda ke koyar da dabarun koyar da Turanci, ya riƙa ɗaukar aji ɗaya na yara, ko da darasi ɗaya ne a mako, ɗalibansa na zaune a baya suna kallo. Su ga Farfesa ya yi tambaya an yi masa shiru, su ga yadda zai fita. Idan darasin ya yi kyau sun ga abin koyi. Idan ya wargaje, su ga babba ya zauna yana binciken inda ya kuskure ba tare da jin kunya ba, wanda ni ban taɓa gani ba sai da na yi shekaru a bakin aiki.

Ɗalibar nan, a mako na uku, ta shigo aji ba ta taɓa alli ba. Ta riƙo tsohon takalminta da ya tsinke, ta ɗaga shi sama, ta ba su labarin yadda ya tsinke mata jiya a hanya, da gajerun jimloli, tana yi tana kwatantawa, yara na dariya. Ta maimaita labarin, wannan karon tana tsayawa su cika mata aikatau. Sannan ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin wani abu da ya taɓa lalace masa. Aji ya kaure da surutu har shugaban makaranta ya leƙo ta taga. Yaron nan mai murza riga ya miƙe ya yi jimla uku a kan kekensa, biyu da kuskure, ta ƙirga uku a ranta kafin ta ce komai, sai ya gyara ɗaya da kansa. Ranar mai duba ta bai zo ba, makin wancan minti goma shi ya tafi cikin sakamakonta.

Darasina da 'yan aji ɗaya ranar Talata da Alhamis ne, bayan hutun safe. A bencin baya akwai wurin mutum biyu idan an matsa, alli kuma yana cikin aljihun tebur ga duk wanda ya fi son gaba.

Wassalam.

Naku,
Ɗalibinku na jiya, malamin Turanci a makarantar sakandare.